Bayan an sauke albasa: jagorar zaga Ankara, daga Nima zuwa dutsen Aburi

Da zarar an fara cirar albasa a fadamun Galmi da Dogarawa da Tsarnawa da kewayen Konni, manyan motoci ba sa hutawa. Ana ɗora buhuna ana nufar Kurmi, kuma kaso mai tsoka na kayan a Ankara, babban birnin Gana, ake sauke shi. Masu kaya da direbobi da yaran mota, ga kuma ƴan cin rani daga Illela da Badagishiri da Malbaza, duk shekara suna taka birnin nan. Amma tambayi wanda ya dawo abin da ya gani, sai ya lissafa maka kasuwar albasa da tasha da ɗakin da ya kwana. Akwai wanda gemunsa ya yi fari a wannan hanya bai taɓa tsayawa a bakin teku ba, balle ya san akwai duwatsu masu sanyi da hazo a bayan birnin. Wannan asara ce, kuma ba rashin kuɗi ke jawo ta ba. Cinikin albasa ba ya ƙarewa a yini ɗaya: dillali yana sayarwa, matan kasuwa suna ɗauka bashi, mai kaya yana jiran kuɗi su taru. Kwanakin jiran nan da ake kashewa a kan benci ana zagaya shayi sun isa mutum ya ga gari da idonsa, in ya san ta inda zai faro.

Shawarata a bi shi hawa-hawa: zango tukuna, sa'an nan tsohon gari da bakin teku, dutse daga ƙarshe. A zango ne za ka sami mai jin harshenka ya nuna maka mota, ka canza kuɗi, ƙafarka ta saba da gari. Wanda ya faɗa bakin teku tun ranar farko, bai san farashin komai ba, shi masu cewa "zo in nuna maka" ke samu.

Kafin komai, takardu. Fasfo ko katin ɗan ƙasa, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda Gana ke nema ga mai shigowa. Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, saboda haka kada ka dogara da abin da ka saba a shekarun baya. Tambayi shugabannin ƴan albasa abin da ake nema a iyaka a makon da za ka tashi. A cikin gari ma kada ka fita babu takarda a aljihu. A watan Mayun 2025 jami'an shige da fice sun kwashe baƙin mabarata daga titunan Ankara, akasarinsu ƴan ƙasarmu, aka mayar da su gida, kuma a irin wannan samame takarda ce ke raba ɗan fatauci da wanda ake nema. Ɗauki hoton takardunka a waya, ka bar kwafi wajen maigidanka. Sefa ba ta aiki a mota ko wajen mai abinci. Ka canza sidi a gidan canji mai lasisi ko ta hannun maigida, ka nemi ƙananan takardu, ka raba su aljihu biyu.

Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, rana kuma wajen ƙarfe shida take faɗuwa duk shekara, duhu ya sauko nan da nan. Don haka yawon Ankara na mai sammako ne. Zafin Fabrairu da Maris bai kai na Adar ba, amma mai gumi ne, riga tana jiƙewa kana zaune. Ka riƙe ruwa. Damina babba daga Afrilu take zuwa farkon Yuli, kuma ta Yuni ba abin wasa ba ce. A daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Sakul, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu fakewa ruwa kawai suka yi. In ka ga hadari ya haɗu kana Sakul ko Kaneshi, ka nemi tudu. Agusta ne watan da ya fi sanyi, lokacin bikin Homowo na Ga, masu garin. Kafin bikin, tsakanin Mayu da Yuni, sarakunansu kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda, dokar kuma ba ta bar lasifikar coci ko ta masallaci ba. Baƙo ya kiyaye ta yadda muke so a kiyaye tamu.

Tun 2021, da hukuma ta tashi kasuwar Agbogbloshi, albasa ta koma Ajen Kotoku, can bayan Amasaman a hanyar Nsawam, wasu kuma suka nufi Gomowa Dominase ta wajen Kasowa. Wato mai albasa yanzu a bayan gari yake. Daga Ajen Kotoku zuwa Sakul, in ka bari hantsi ya dubi ludayi, cunkoso zai iya cinye maka awa biyu. Ka fita bayan sallar asuba. Motar talaka ita ce turoturo, ƙaramar bas mai yaron mota da suke kira met, yana leƙowa ta taga yana kiran sunan unguwa. Ka faɗa masa inda za ka tun kafin ka zauna, ka ba shi kuɗi da hannun dama, in an kusa ka tuna masa. Faransancinka ba zai amfane ka ba a nan. Turanci da Tuwi ne harsunan titi, amma da wuya ka shiga tasha ka rasa mai tsire ko mai shayi da zai amsa maka sallama da Hausa. A Sakul ka sa wayarka a aljihun gaba.

Daga Sakul zuwa Nima ɗan taƙi ne. Unguwar ta taso ne a farkon shekarun 1930 kewaye da gidan Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, yau kuwa ita da maƙwabciyarta Mamobi sun cika sun batse da Hausawa da Zabarmawa da Dagomba da Mosi da Kotokoli da Fulani, kuma Hausa ce ke haɗa su. Hausarsu ta bambanta da tamu, ba sa damuwa da raba namiji da mace a magana. Ba aikin baƙo ba ne ya gyara musu, iyayensu da kakanninsu a cikinta suka tashi. Fara da karin kumallo a bakin titi: koko mai yaji da ƙosai, ko shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da baƙin yajin nan shito. Ran Laraba kasuwar Nima ke ci sosai. Nan mai noma zai ga inda gero da wake da kuka da kuɓewa da daddawar arewa ke ƙarewa, ya ji farashinsu da kunnensa, wanda ilimi ne da dillali ba zai ba shi ba.

Kada ka tsaya a babban titi kawai. Nima a lunguna take, wasu da kyar mutum biyu ke giftawa, suna ratsa ƙofar ɗakunan mutane, da makarantun allo, da shagunan tela, da filayen da yara ke buga ƙwallo. A irinsu Mohammed Kudus, ɗan wasan Gana, ya tashi. Ka shiga da ɗan unguwa, ka yi sallama a duk inda ka tarar da dattawa, ka bar wayarka a aljihu in mata suna aiki a tsakar gida. Za ka ga cunkoso da kwatami da ƙarancin ban ɗaki, kuma ya kamata matashin da ke mafarkin Kurmi ya ji wannan daga bakinka in ka koma gida, kamar yadda zai ji labarin manyan benaye.

In Juma'a ta same ka, ka yi ta a Masallacin Ƙasa da ke Kanda, tafiyar ƙafa ce daga Nima. Turkawa suka taimaka aka gina shi bisa fasalin masallatan Istambul, da ƙubbobi da hasumiyoyi huɗu, yana ɗaukar mutum 15,000. An buɗe shi ranar 16 ga Yuli 2021, Bazum Mohamed, shugaban Nijar na lokacin, da tsohon shugaba Isufu Mahamadu ɗan Dandaji ta ƙasar Illela suna cikin manyan baƙi; a ranar ce kuma aka buɗe mutum-mutumin Isufu a hedikwatar yankin ciniki na bai-ɗaya na Afirka, ZLECAF, da ke birnin. Ka je da wuri ka samu ciki, ka ɗaga kai ka dubi rubutun ayoyi da zanen ƙubba. Fadar shugaban ƙasa ba ta da nisa da nan. Kada ka ɗaga waya wajenta, haka ma barikin soja.

Wanda ke son ganin tushen Hausawa a Ankara, Sabon Zango zai nufa, yamma da tsakiyar gari, dab da Abose Okai inda direbobinmu ke sayen kayan gyaran mota. Malam Bako, ɗan Malam Naino wanda asalinsa Katsina ne, shi ya nemi filin wajen sarakunan Ga a farkon ƙarni na 20, da tsohon zangon cikin gari ya cika, ya raba wa jama'arsa, kuma sarautar unguwar a zuriyarsa take. Har yanzu akwai gidaje masu zaure, ana shimfiɗa tabarma ana karɓar baƙi kamar a Konni. In kana son gaida Sarkin Zango, ka sami wanda zai yi maka iso, ka riƙe goro. A Fadama kuma gidan Babban Limamin Gana yake, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen 1919, wanda a 2019, da ya cika shekara 100, ya kai ziyara wata cocin Katolika a birnin. Wannan ya ishe ka ka gane irin zaman da Musulmin garin suka gina da maƙwabtansu. Baƙon kwana uku kada ya zo ya ɓata shi da gardamar addini a cikin mota.

Rana ta biyu ta ƙafa ce, ka sa takalmi mai daɗi. Sauka a Tudu, ka ratsa Makola, kasuwar da mata ke mulki, atamfa da tumatir da kifi busasshe duk a jere. Ƴan matan da ke dakon kaya a kai cikin manyan kwanoni yawancinsu daga arewacin Gana suke. Ka ba su hanya, in ka ɗauki ɗaya ka biya ta haƙƙinta ba tare da ja-in-ja ba. Mai son gwanjo ga Kantamanto nan kusa. Amma kada kasuwa ta riƙe ka, don ba ita ta fito da kai ba. Gangara kudu har iska ta fara kawo maka ƙarnin kifi da gishiri. Ka iso Jemstawun.

Alamar unguwar ita ce hasumiyar nan mai ratsin ja da fari, wadda fitilarta ke yi wa jiragen ruwa jagora. Ta yanzu a shekarun 1930 aka gina ta, a madadin ta 1871. Daga gindinta za ka hangi tekun Atlantika ba iyaka, da kwalekwalen masunta ɗaruruwa, kowanne an sassaƙe shi daga babban icce an yi masa fenti da tutoci da addu'o'i. Kada ka zo ran Talata, masuntan Ga ba sa shiga teku a ranar. Sauran ranaku da safe za ka tarar ana jawo koma, mata na ciniki da ƙarfin murya, hayaƙin banda na tashi. Samari za su tare ka su ce za su zaga da kai. Ba laifi, baƙo ko da ido makaho ne, kuma a nan ɗan jagora yana da amfani. Amma ku yanke kuɗi tun kafin ku ɗaga ƙafa, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai ya yarda.

Dab da hasumiyar ga Jems Fot, gidan dutse mai ganuwa da Ingilishi suka gina a 1673. Ka ɗan taka gabas ga Usha Fot, na mutanen Holan, tun 1649. Na uku, na mutanen Denmak, yana Osu, shi ne ya zama fadar gwamnati har zuwa 2013. Zinariya da bayi aka gina su dominsu. A nan nake so mutuminmu ya rage sauri. Cikin waɗanda aka tsare a irin waɗannan ɗakuna ana jiran jirgi akwai mutanen arewa, waɗanda aka bi da su ta kasuwanni irin Salaga, hanyar da fataken goro na ƙasar Hausa suka sani sarai. Ba Turawa kaɗai suka ci wannan kasuwa ba. Ka tsaya ka yi musu addu'a. A kusa akwai Gidan Barazil, na zuriyar Tabom, ƴantattun bayin da suka komo daga Barazil a 1836, shekara guda bayan tawayen bayi Musulmi a Bahiya, suka zo da sana'ar ɗinki da haƙar rijiya. Daga baya Jems Fot da Usha Fot sun zama kurkuku, kuma daga Jems Fot aka fito da Kwame Nkrumah a Fabrairun 1951, bayan ya ci zaɓe yana ɗaure. Manyan ɗakunan bayi da aka fi sani suna Kep Kos da Elmina, amma wannan tafiyar yini guda ce ta daban.

Masu son dambe su leƙa Bukom, a cikin unguwar. Daga waɗannan lunguna da ƙananan gidajen horo Azuma Nelson ya fito ya zama zakaran duniya, kuma da la'asar za ka tarar da yara suna dukan buhu a bakin titi. In yunwa ta kama ka, dokunu da soyayyen kifi da barkono shi ne abincin wurin, ba kuma shakka a cikinsa. Nama kuwa ka tambaya, domin ana sayar da alade a fili a unguwannin Ga. Tsire sai wajen mahaucin da ya amsa maka sallama.

Bi babban titin bakin teku ka yi gabas, ka wuce Kotun Ƙoli, sai lambun tunawa da Kwame Nkrumah. A wannan fili, da yake wurin wasan folo na Turawa, ya tsaya a daren 6 ga Maris 1957 ya shelanta ƴancin Gana. An buɗe lambun a 1992, aka gyara shi aka sake buɗewa a Yulin 2023. Ana biyan kuɗin shiga, na baƙo ya ɗara na ɗan ƙasa. Kabarinsa da na matarsa Fatiya, ƴar Masar, suna ƙarƙashin wani gini na marmara, ga maɓuɓɓugan ruwa a gaba, ga ɗakin da aka tara hotunansa da littattafansa. Ka nemi mutum-mutuminsa da aka fille wa kai bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966. An ajiye gangar jikin, an ajiye kan a gefe, ba a ɓoye abin da ya faru ba. Ɗan Konni yana da dalilinsa na musamman na shiga nan. A Ankara Jibo Bakari ya yi zaman gudun hijira ƙarƙashin inuwar Nkrumah, kuma da mayaƙan Sawaba suka kutso Nijar a 1964 don kifar da gwamnatin Jori Hamani, ƙasar Konni tana cikin inda aka zubar da jini. Dattawanmu da suka ga wannan zamani sun fara ƙarewa. Wanda ya ga lambun nan zai koma da tambayoyin da zai yi musu.

Gaba kaɗan ga Dandalin Baƙin Tauraro, wanda aka kammala a 1961, fili fetal yana kallon teku. A nan ake babbar sallar Idi ta birnin. A mararrabar da ke kusa ne, ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe tsoffin sojoji uku da ke tattaki zuwa fadar gwamna neman haƙƙinsu, abin da ya hura wutar neman ƴanci. Daga hasumiya zuwa nan bai wuce kilomita huɗu ba. Osu da titinta mai kantuna da gidajen abinci masu tsada, leƙe ɗaya ya isa. Wanda ya san darajar aikin hannu gara ya ƙarasa Teshi ya ga kafintocin da ke ƙera akwatin gawa da siffar kifi ko mota ko jirgin sama, gwargwadon sana'ar mamaci. Al'adar ba tamu ba ce, amma gwanintar ta cancanci kallo.

Labadi ne bakin tekun da ake zuwa shaƙatawa, ana biya a ƙofa, akwai dawakan haya da masu kwakwa. Ran Lahadi kiɗa ne da giya da cunkoso. Mai iyali ya zaɓi safiyar ranar aiki. Gargaɗina a nan ɗaya ne, kuma da gaske nake. Igiyar ruwan nan in ta bugi gaɓa ta juya, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka kamar yadda Majiya ke yi in ta kawo ruwa tsakiyar damina, kuma ta kan ja wanda ya iya iyo ma. Iyon tafki da na madatsar Mozage ba iyon teku ba ne. Ruwa ya tsaya maka a idon sawu, yaro kuma hannunsa a hannunka.

Yanzu dutse. Motocin Aburi a tashar Madina ake samunsu, ita ma babbar unguwar Musulmi ce, kana iya yin asuba a can ka karya. Hanya ta bi ta Adenta zuwa Ayi Mensa, daga nan ta fara hawa tana lanƙwasa a jikin duwatsun Akwapim. Ran Asabar da Lahadi da sassafe mutanen birni kan yi jerin gwano suna hawan ta da ƙafa don motsa jiki, tsoho da yaro. Mai ƙarfi ya sauka ya bi su zuwa Peduwase, ya waiwaya ya ga Ankara shimfiɗe har teku. A Peduwase akwai masaukin shugaban ƙasa da aka gina zamanin Nkrumah. A cikinsa ne Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu suka zauna ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, bisa gayyatar Janar Ankrah, suka ƙulla yarjejeniyar Aburi. Kowa ya koma gida da tasa fassarar, a Yulin shekarar yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke, bai tsaya ba sai Janairun 1970. Gidan gwamnati ne, daga hanya ake ganinsa.

Aburi wajen kilomita 35 take daga tsakiyar Ankara, amma tsayinta ya kai wajen mita 400 bisa teku, iskarta daban ce. Ka riƙe riga mai ɗan kauri, da safe hazo kan rufe gari. Turawan mulki sun fara gina gidan jinya a nan a 1875 don jami'ansu su huta da zazzaɓin bakin teku, a 1890 aka buɗe lambun itatuwa, mai faɗin kusan hekta 65, don gwada shuke-shuken da za su karɓi ƙasar. Ƙofarsa tana buɗewa ne kan wata doguwar hanya da dogayen itatuwa dangin giginya suka jeru dama da hagu, santala-santala. Ka ɗauki ɗaya daga cikin masu jagora na lambun, kuɗinsa ba ya ciwo. Shi zai murza maka ganye ka sansana ka ji kirfa, ya nuna maka iccen roba da na koko, da tsohon rimin da ya rage daga kurmin asali. Akwai kuma wani icce dangin baure da ya tsiro a jikin wani ya naɗe shi har ya kashe shi, na ciki ya ruɓe, ya bar rami da mutum ke shiga ya ɗaga kai ya hangi sama. Yara kuma wajen wani tsohon jirgi mai saukar ungulu da aka yasar a fili suke tafiya.

Manomi kada ya kalli lambun nan da idon ɗan yawon buɗe ido kawai. Duba yadda ganye ke ruɓewa a gindin itatuwa ya zama baƙar ƙasa, ba mai sharewa ya ƙone. Duba yadda ake dasa ƙaramin koko a inuwar ayaba har ya yi ƙarfi. Mu da iska da zaizaya ke cinye mana gonaki, muka koma gina gandari da jera duwatsu a tuddan Adar, akwai abin ɗauka a nan game da rufe ƙasa da inuwa. Abin da ba na ba da shawara shi ne sayen dashe a kai gida. Ana sayar da su a bakin hanya gwanin sha'awa, amma iccen kurmi ba ya jure bazarar Malbaza, ga kuma tambayar jami'an iyaka.

In da sauran lokaci, hau mota ka ƙarasa Mampon, gaba kaɗan a kan dutsen, ka ga gonar Tete Kwashi, maƙerin da ya zo da ƙwayar koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879. Daga irin wannan ƙaramar gona arzikin da ya ja kakanninmu zuwa Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, ya taso. Za a fasa maka ɗanyen koko ka tsotsi farin da ke jikin ƙwayar, mai zaƙi da ɗan tsami. Garuruwan dutsen nan, inda ƴan mishan na Basel suka zo a 1835, akasarin mutanensu Kiristoci ne, don haka ka tafi da buta da darduma, ko ka tambayi inda zangon garin yake. Masu sassaƙa suna bakin hanyar Aburi da ganguna da kujeru, ana taya su yadda ake taya kaya a ko'ina. Abarba a nan take, ka saya. Ka kamo hanya da la'asar sakaliya, domin saukowa cikin duhu a wannan lanƙwasa ba daɗi, ga cunkoson Adenta da Madina na jira.

Masu dabbobi da ke sauke shanu da raguna a kasuwar Tulaku ta Ashaiman suna da nasu dutsen kusa: gandun dajin Shai, a Doryumu, kan hanyar Tema zuwa Akosombo. Shi ba kurmi ba ne, fili ne mai ciyawa da kuka da tulin duwatsu, akwai bareyi da kogunan dutse da mutanen Shai suka zauna ciki har Ingilishi suka kore su a 1892. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandun. Gwaggon biri suna tare tun bakin ƙofa, kuma ba sa jin kunyar fizge leda daga hannun mutum. Ka ɓoye abincinka, ka rufe gilashin mota. Ka je da sassafe, kafin rana ta kori dabbobi cikin inuwa.

Wanda yini ɗaya tak gare shi, ya bar Shai da Labadi da Osu. Ya yi asuba a Madina, ya hau Aburi ya sauko kafin azahar, ya wuce kai tsaye lambun Nkrumah, ya taka zuwa hasumiyar Jemstawun kafin ƙarfe biyar, ya kama motar Nima tun da sauran haske.